Irin Gero daga Kwatarkwashi

Bungudu, watan Jimada Lawwal, hijira 1332

Daga Yelwa matar Jibril zuwa ga taubashina Labbo ɗan Kawu, mai fataucin fata a Tsafe. Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Malam Mas'udu, wan mijina, shi ya taimake ni da alƙalaminsa, ina faɗa yana rubutawa, kuma ya ce a gaishe ka.

Mu nan lafiya muke, mun gode Allah. Ka san yadda daminar bara ta yi wa kowa, mu ma ba ta tsallake mu ba, amma asirinmu a rufe yake. Jibril ya bi masu zuwa haƙar kuza can ƙasar Bauci tun bayan Layya, ya ce zai nemo abin da za mu kai damina da shi. Har yanzu ba mu ji ɗuriyarsa ba, amma an ce hanyar da nisa. Yara suna nan. Ƙaramar, Murja, ta ɗan rame, haƙora take yi.

To, sai kai, mai warin jima. An ce mini ka zama babban mutum, har jakuna gare ka, kana tafiya kana ɗaga hanci. Kada dai ka manta, tun muna yara a gidan Kawu kai ne mai cinye mini dawo da zarar na juya baya, ban taɓa kai ƙararka ba. Yanzu lokacin ramuwa ya yi. Ɓeraye sun yi biki a rumbuna, ko zangarniyar da na ware ta shuka ba su bar mini ba. Tunda kullum cewa kake kai ne ɗan namiji, ni ɗiyar mace baiwarka ce, to ubangida ya aiko wa baiwarsa da irin gero kafin ruwa ya sauka, ko cikin ƙwarya ɗaya ne. Gero na ce, ba goro ba, don na san kunnenka.

Ka gaishe mini da matarka da yaran. Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Tsafe, ƙarshen Jimada Lawwal

Daga Labbo, ubangida, zuwa ga baiwarsa Yelwa, wadda ba a taɓa barin ta ita kaɗai da akushi ba. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Da kaina na karanta, na yi dariya har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wallahi kin sauke mini nauyi. Nan Tsafe abin ya yi tsanani. Mata suna tonon gidan tururuwa don tsabar da ke ciki, dusar da a da ake zuba wa awaki yanzu ita ake damawa. Mu dai muna ci sau ɗaya, muna godiya. Kullum hankalina yana kanku. Amma da na ga Malam Mas'udu ya rubuta da hannunsa cewa asirinku a rufe yake, ga ku a bakin gulbi, ga shi kuma har kina da ƙarfin tsokanata, sai na ce alhamdu lillahi, Yelwa tana nan yadda na san ta.

Ɓeran da ya shiga rumbunki na san shi. Yana ɗaura zane, yana da wushirya, a gidanmu ya girma. Ki gaya masa na gaishe shi. Kin ce gero ba goro ba, to kin san kunnena, ga goro nan na aiko miki, ki ci ki huta da surutu. Ga kuma 'yar jar fata mai laushi, a riƙa shimfiɗa wa Murja.

Ni shiri nake yi. Mutane sun rasa abin ba dabba, sai yanka awaki suke yi, fata ta yi yawa. Duk abin da na mallaka na zuba a cikinta, ɗakina cike yake har rufi. Ayari na ƙarshe kafin damina zai tashi zuwa Kano, madugu ya ba ni wuri. An ce tun da jirgin ƙasa ya iso can, jar fatar ƙasarmu ba ta kwana a kasuwa. In Allah ya kai ni ya dawo da ni, zan zo miki da zanen da za ki daina raina ni.

Kada ki damu da shirun Jibril, masu zuwa kuza ba su cika samun ɗan aike ba. Ki gaishe da Malam, ki ce na gode da rubutu. Wassalam.

Bungudu, farkon watan Azumin Tsofaffi

Daga Yelwa zuwa ga ɗan'uwana Labbo. Ina gaishe ka, ina gaishe da gidanka. Wannan karon ba hannun Malam Mas'udu ba ne. Inna Husaina ce, tsohuwar da ke koya wa matan unguwarmu karatu. Na zo ɗakinta, daga ni sai ita, na roƙe ta ta rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi.

Goro ya iso, da fata. Na gode. Goron na ba Malam, fatar kuwa Murja tana kwance a kanta yanzu haka.

Na daɗe ban amsa ba don ban san abin da zan ce ba. Da aka karanta mini takardarka, na ɗauka ka gane nufina sarai, ba ka da shi ne ko ba za ka iya ba, sai ka mayar mini da wasa don kada in ji kunya. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na ce wa raina, a shekara irin wannan ba wanda ya isa ya ga laifin wani. Inna Husaina ce ta ce wataƙila ma ba ka gane ba. Ta ce wanda ya saba jin wasa daga bakina ba zai ji kukan da ke cikinsa ba. Shi ya sa zan faɗa maka a fili.

Babu ɓera, Labbo. Mu muka ci irin. Na zuba shi a tukunya na liƙe bakinta da laka, na riƙe har tsakiyar rani. Ranar da Murja ta kasa ɗaga kai, na fasa na daka. Ba haƙora take yi ba, yunwa ce. Yanzu garin ɗorawa muke lasa, da busasshen ganye. Ban iya faɗin haka a gaban Malam ba. Shi ne babba a gida, ƙanensa a hannunsa ya bar mu, kuma nasa rumbun ma ba komai. In ce masa ya rubuta wa dangina cewa muna kwana da yunwa a gidansa? Bakina bai iya ba.

Ruwan farko ya sauka. Masu iri sun yi shuka, ba su da yawa. A kasuwa ba a ganin iri ko da abin saye a hannu, duk mai shi ɗan'uwansa yake ba. Malam ya ce in ruwa na biyu ya sauka ba mu samu ba, zai ba wani mai iri aron gonar Jibril ta bakin gulbi, don kada ta zama saura. Ban ga laifinsa ba. Amma ka san gonar bakin gulbi in ta shiga hannun aro, da wuya ta dawo.

Ba iri nake sake roƙonka ba. Na san ayarinku ya kusa tashi, ko ma ya tashi. Abu ɗaya nake tambaya. In gonar ta fita, ni zan tafi Gusau in nemi aikin daka da surfe a gidajen mutane. Babban yaron zai zauna wurin Malam. Matarka za ta iya riƙe mini Murja har kaka? Ba ta da rigima, kuma ba ta ci da yawa.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.

Gusau, tsakiyar watan Azumin Tsofaffi

Daga Labbo zuwa ga 'yar'uwata Yelwa. Allah ya sa wannan ta same ki da sauƙi, ke da yara. Ina rubuto miki daga zauren Malam Ummaru, mai masaukina a Gusau, gidan da mahaifina yake sauka tun kafin a haife ni.

Takardarki ta same ni ina ɗaure kaya. Na karanta, na ɗauko ta farko na sake dubawa, na ga yadda kika nanata maganar iri, ni kuwa goro na aiko miki. Ki yafe mini. Murja kuwa ba inda za ta sai dai ziyara.

A Tsafe ban samu ba, namu ɗan kaɗan ɗin ya riga ya shiga ƙasa. Sai aka ba ni labarin wani tsoho a Kwatarkwashi, Baba Yari. Gonarsa a gindin dutse take, ɗan ruwan da ya gangaro daga dutsen bara ya riƙe masa shuka, kuma mutum ne mai ajiyar iri. Na tafi na same shi a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Na gaya masa komai. Na ce ya ɗauki fata, na ce ya ɗauki jaki. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce shi ba ya sayar da iri, kuma in ya ba ni, gobe duk mai wucewa ta hanyar nan yana da 'yar'uwa a wani gari. Gaskiya ya faɗa, na yi masa sallama na kama hanya.

Na iso Gusau hannu wofi. Malam Ummaru ya ga an kawo abinci na kasa ci, ya matsa mini da tambaya, na kwashe labari na gaya masa. Ashe matarsa Rakiya tana bayan zana tana ji. Sai ta aiko a tambaye ni sunan tsohon. Yelwa, mahaifinta ne. Shekara da shekaru ina cin tuwon matar nan, ban taɓa tambayar ko ɗiyar waye ba.

Ta tambayi ko ke wace ce, yaranki nawa, ina mijinki. Da ta ji, ta nemi izinin zuwa gida. Malam Ummaru ya ce ai shi ma zai je, tunda uban yaron nan a ƙofar gidan nan yake ɗaure jakinsa, buƙatarsa buƙatar gidan ce. Muka koma Kwatarkwashi, tana kan jakina, mu muna ƙasa. Ta shige cikin gida, ni na zauna daidai inda na zauna ran nan. Aka daɗe. Ban san abin da ta ce masa ba. Can sai tsohon ya fito, ya dube ni da kyau ya ce, “Ashe kai baƙon Ummaru ne.”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Ka gaya mini yunwarku, ka gaya mini jakinka, amma ba ka gaya mini ko kai na waye ba.”

Da hannunsa ya fasa tukunyar. Gero ne mai saurin nuna, a zangarniyarsa, an barbaɗe shi da toka, ki kakkaɓe kafin ki sussuke. Ya haɗa da 'yar dawa kaura. Na yi na yi ya karɓi wani abu, ya ƙi. Ya ce dai kada a ci, kuma a zo a gaya masa yadda ya yi a ƙasar gulbi, don bai taɓa ganin irinsa ya bar gindin dutse ba.

Na ɗora kayan a jakina na ba Bawa, mutumin garinku mai fataucin kanwa, shi ma nan yake sauka. Na ce ya sauke a ƙofar Malam Mas'udu, ya ce gaisuwar surukai ce daga gidan Kawu. Ki bari Malam ya kwance da hannunsa, shi ya raba. Ni ban zo ba, don baƙo sai an ba shi abinci, kuma Malam ba zai yarda in kwana da yunwa a gidansa ba.

Maganar Kano an ɗaga, kada ta dame ki. Ku yi shuka. Wassalam.

Bungudu, cikin watan Azumi

Daga Yelwa zuwa ga Labbo. Barka da shan ruwa, kai da iyali. Inna Husaina ce ke rubutu, ta ce a gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka.

Lafiya muke, kuma wannan karon gaskiya ce. Rama da tafasa sun fito, muna kwaɗo, Murja ta miƙe har tana bin kaji.

Bawa ya iso bayan ruwa na biyu ya riga ya sauka. Mai neman aron gonar har ya zo ya zagaya ta, Malam ya ba shi rabin baki. Da aka sauke kaya Malam ya kwance ya ga abin da ke ciki. Sai ya sa takalminsa ya tafi gidan mutumin da kansa ya ba shi haƙuri. Na san abin ya yi masa nauyi, mutum ne da ba ya son janye magana. Da ya dawo ya raba irin, ya ba ni kaso mafi yawa, ya kira gayya. Bai tambaye ni yadda aka yi gidan Kawu suka san halinmu ba, ni ma ban faɗa ba. Amma tun ranar, in ya ambace ka, ɗanmu Labbo yake cewa.

Daga kasona na ɗiba na kai wa ƙawata Lami. Mijinta babba ne a cikin mahautan garin nan, kuma lokacin da abin ya yi tsanani ita ce take aiko mini da romo a ɓoye. Su ma sun ci nasu irin. Yanzu in ka tsaya a bakin gulbi, gonarmu da tasu ne suka fi kowace duhu. Geron ya fitar da kai. Na kan je in tsaya kawai ina kallo. Ban san da wane baki zan gode maka ba, da kai da Malam Ummaru da Rakiya da tsohon da ban taɓa gani ba. Kullum in na sha ruwa da magariba sai na jera sunayenku.

Sai kuma faɗa. Ka rubuta cewa maganar Kano an ɗaga. Ni na ɗauka ayarin ne duka ya fasa tashi, har na ce Allah ya taimake ka. Da Bawa ya sake biyowa da kanwa nake tambayarsa yaushe za ku tafi, sai ya dube ni ya ce ai ayari ya tashi tun kana hanyar Kwatarkwashi, madugu ya aika nemanka ba a same ka ba. Ya ce fatunka suna jibge a ɗaki, laima ta kama su, ƙwaro ya shiga. Labbo, ka ce mini duk abin da ka mallaka yana cikin fatun nan. Ni na ɓoye maka yunwata a cikin wasa, kai kuma ka ɓoye mini asararka a cikin kalma ɗaya. Ranar ko kwaɗon ban iya ci ba.

Washegari na tafi wurin Lami, ta shigar da ni wurin mijinta. Ya ce fatar da ƙwaro ya taɓa ba za ta je Kano ba, amma dukawan Bungudu suna sayen irinta, suna yanka inda ya tsira su yi layu da kube da facin guga. Ya ce ka ɗauko duka ka kawo, shi zai kai ka wurinsu da kansa. A hannunsa suke samun fata, ba za su taya wa baƙonsa tayin wulaƙanci ba. Ya kuma ce zai yi magana da sauran mahauta su riƙa ajiye maka fata daga yanzu har Layya, ka faɗi yadda kake so a shanya ta.

Kada ka ce mini a'a. Ka zo da zarar gulbi ya ba da hanya. Yanzu muna da abin ba baƙo. Wassalam.

Tsafe, bayan Ƙaramar Salla

Daga Labbo zuwa ga Yelwa. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, mun fara yankan gero, yara sun ci tumu har sun gaji.

Bawa kanwa yake fatauci ko labari? Gaskiya dai ya faɗa miki. Ban so ki sani ba sai geronki ya shiga rumbu, don na san halinki, za ki zauna kina auna abin da ba a aunawa. Da za a sake, haka zan sake yi. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, na sha zama a ƙofar ɗakin nan ina jin warin fata ina tunanin ta inda zan faro. Na zazzage su na ware, waɗanda za su yi wa dukawa amfani sun fi yadda na zata. Ba zan ce a'a ba. Ki gode wa Lami da maigidanta kafin in zo in gode da bakina. A shanya fatar a inuwa, a miƙe ta sosai, kada rana ta taɓa ta.

Ga kuma albishir. Tun ranar da Malam Ummaru ya ji labarinki, duk baƙon da ya sauka a gidansa daga gabas sai ya tambaye shi ko ya san wani Jibril na Bungudu. Shekaranjiya ya aiko mini. Wani mutumin Mada da ya dawo daga kuza ya ce tare suka yi aiki. Jibril ya yi ciwo mai tsanani da bazara, shi ya hana shi aike, amma ya warke, ya ga yana cin abinci da kyau. Yana nan tafe tare da wasu mutanen Mada, ruwa ne ya tsare su a hanya. Mutumin ya kwatanta shi har tabon da ke goshinsa.

Ki gaya wa Malam. Ina nan zuwa kafin Layya in Allah ya yarda. Wassalam.

Bungudu, bazarar hijira 1333

Daga Yelwa zuwa ga taubashina Labbo. Gaisuwa da ban gajiya. Mun ji ka kai fatun Layya Kano ka dawo lafiya, mahauta suna ta yabon cika alkawarinka. Jibril yana gaishe ka. Ya murmure sosai, ba za ka ce shi ne ka gani kamar kara lokacin da ka zo ba. Murja ta fara magana, ba ta yin shiru.

Tun tafiyarka ban aiko ba, to ga abin da ya faru. Da muka gama shigar da dawa, na ce wa Jibril ba zan sake ba sai na ga mutanen nan da idona. Muka ɗaure damin gero mafi kyau muka kama hanya. A Gusau muka sauka gidan Malam Ummaru. Rakiya ta rungume ni kamar wadda muka tashi ɗaki ɗaya. Na fara godiya ta hana ni, ta ce ita ma da aka kawo ta Gusau ba ta san kowa ba, mahaifinka ne yake kai wa uwarta saƙonta duk lokacin da ya wuce. Ka san da wannan? Na tambaye ta me ta ce wa Baba a cikin gida ran nan. Ta ce ba wani abu, ta dai ce masa in an hana wannan matar, ita aka hana.

Muka wuce Kwatarkwashi. Mun sami Baba Yari a gindin wata tsamiya, ya tsufa fiye da yadda ka kwatanta shi. Bai san ni ba. Na ce ni ce Yelwa, bai gane ba. Na ce 'yar'uwar Labbo, ya girgiza kai. Sai da Jibril ya ce ta wajen Rakiya ce, mai gonar bakin gulbi, sannan fuskarsa ta saki.

Na durƙusa na fara jero godiyar da na daɗe ina shiryawa, amma hankalinsa yana kan damin. Ya zaro zangarniya, ya murza a tafinsa, ya hura, ya tauna. Ya tambayi Jibril launin ƙasar gonar, da ko ruwa yana kwanciya a cikinta, da lokacin da tsuntsu ya fara sauka. Suka daɗe suna wannan. Ya ce ƙwayar ta fi tasa girma, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya zaɓi 'yan zangarniyoyi ya ce zai haɗa da nasa, sauran ya ce mu mayar, shi ba ya karɓar ladan iri. Na ce to Baba, me zan yi maka? Ya ce, “Ki ware iri fiye da na gonarki, ɗiyata. In wani ya zo miki daga wurina, ki buɗe masa.”

Na ce to. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Amma na ware, tukunya babba, na liƙe.

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsakar gida ina surfe aka yi sallama. Wata mata ce da goyo, ƙafafunta duk sun faffashe. Sunanta Tambaya, daga Wanke. Yunwa ta kore su kudu bara, mijinta ya rasu a can, ta dawo ta tarar da gona ba iri. Ta je wurin Baba Yari don kakarta 'yar unguwarsu ce, ta tarar ya riga ya rabar da nasa. Shi ya kwatanta mata gidanmu. Tana tsaye a bakin ƙofa tana ta kame-kame, tana cewa ita ba roƙo ta zo ba, wucewa take yi, ta ce bari ta gaishe mu.

Ban bari ta ƙarasa ba. Na karɓi goyon, na zaunar da ita, na dama mata fura. Tana sha na shiga ɗaki na ɗauko taɓarya na fasa bakin tukunyar.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Jibril zai raka ta da jaki gobe, don ta riga ruwa isa gida. A gaishe da kowa da kowa. Wassalam.